Addini Da Bashi 'Yan Gida Ɗaya Ne



Akwai kalmomin da yawan faɗarsu ya sa ba mu tsayawa mu tambayi abin da suke nufi. Ɗaya daga cikinsu ita ce "addini". Idan kin kai yaro makaranta, akwai gurbin addini a takardar da za ki cike. A gidan biki ko gidan suna za ki ji ana cewa, "Wance ai akwai addini," ko kuma, "Gidan su wane ba su damu da addini ba." Da wannan kalma ake ba da aure, da ita ake hanawa. Da ita ake yabon mace, da ita ake zarginta. Wani lokaci ma, Allah Ya kiyaye, da sunanta ake zubar da jini.

Amma da za a ce kowace ta fassara kalmar, yawancinmu salla da azumi za mu ambata, mu ƙara da hijabi da zuwa Islamiyya. Wannan amsa gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Idan muka bi kalmar zuwa tushenta za mu tarar tana da wata 'yar uwa ta jini da kowace uwargida ta sani sarai, wato bashi. Sanin wannan dangantaka yana canja yadda mace take kallon sallarta, da adashinta, da maƙwabciyarta, da wanda zai zo neman auren 'yarta.

Daga ina kalmar ta zo?

Addini kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci. Larabawa "din" suke cewa, idan suka ɗora mata harafin nan na "al" sai ta koma "ad-din". Bahaushe ya ɗauke ta da hularta, ya ƙara mata wasali a ƙarshe don ta zauna a bakinsa, ta zama addini. Haka ya yi wa alƙalami da alƙali da albarka da annabi da addu'a da arziki. Kalmomin sun daɗe a wurinmu har mun manta baƙi ne.

A Larabci kusan kowace kalma tana da saiwa ta haruffa uku, kuma kalmomin da suka tsiro daga saiwa ɗaya suna da dangantaka a ma'ana. Saiwar "din" ita ce dal da ya da nun. Daga wannan saiwa ce aka sami "dain", wato bashi. Idan aka rubuta kalmomin biyu ba a sa wasali ba, kamarsu ɗaya sak, sai mai karatu ya duba abin da ke gaba da baya kafin ya gane addini ake nufi ko bashi. Daga nan kuma aka sami "Dayyan", Mai sakayya, wanda ake siffanta Allah Maɗaukakin Sarki da shi.

Malamin lugga Ibnu Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Maƙayisul Lugga cewa ma'anar wannan saiwa tana komawa ga miƙa wuya da ƙanƙan da kai. Ya sa bashi a ƙarƙashinta, saboda wanda ake bi bashi kullum kansa a ƙasa yake a gaban mai binsa. Ya sa kalmar "madina", wato birni, saboda birni wuri ne da ake tsayar da doka ana bin shugabanci. A zamaninmu ma, Farfesa Naƙib al-Attas na ƙasar Malesiya ya bi wannan hanya a wani littafi da ya wallafa a 1978, inda ya nuna cewa farkon ma'anar addini shi ne mutum ya gane ana binsa bashi: bai halicci kansa ba, bai sayi numfashinsa ba, komai nasa ba shi aka yi.

Yadda Alƙur'ani ya yi amfani da ita

Ba ma'ana ɗaya kalmar take ɗauka a cikin Alƙur'ani mai girma ba. A Suratu Ali Imrana, aya ta 19, an yi amfani da ita da ma'anar tafarkin da Allah Ya yarda da shi, wato Musulunci. A Suratul Ma'ida, aya ta 3, wadda ta sauka a Arfa lokacin Hajjin Bankwana a shekara ta 10 bayan Hijira, an ba da labarin cikar wannan tafarki. A ƙarshen Suratul Kafirun an kira abin da mushirikan Makka suke bi da wannan kalma, wanda ya nuna cewa duk hanyar da mutum ya miƙa wa wuya ita ce addininsa, ko ta gaskiya ce ko ta ɓata. A Suratu Yusuf, aya ta 76, kalmar tana nufin dokar sarkin Masar.

Sai kuma ma'anar da muke maimaitawa aƙalla sau 17 kowace rana a sallolin farilla. A cikin Fatiha an kira ranar alƙiyama da ranar "din", kuma marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fassara ta da ranar sakamako a tarjamarsa ta Hausa. Ranar biya ke nan, ranar da za a buɗe littafi a ba kowa abin da yake bi, a karɓi abin da ake binsa. Larabawa suna da karin magana daga wannan saiwa, "kama tadinu tudanu", wanda ya yi daidai da namu na cewa abin da ka shuka shi za ka girba.

Idan muka haɗa su wuri ɗaya sai mu ga hoton ya fito. Akwai Mai bin bashi, akwai wanda ake bi, akwai dokar da ta tsara yadda za a biya, akwai kuma ranar da za a yi lissafi. Addini ya ƙunshi duka huɗun.

Bashin da Allah Yake bin mu

Mu mata mun fi kowa sanin wannan magana, domin a bakinmu take. Bayan Sallah za ki ji mace tana cewa, "Ana bina bashin azumi bakwai." Ba mu muka ƙirƙiro wannan salon magana ba. Imamu Buhari ya rawaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa wata mata daga ƙabilar Juhaina ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce mahaifiyarta ta yi bakancen zuwa Hajji amma ta rasu ba ta je ba. Sai ya tambaye ta ko da ana bin mahaifiyar bashi za ta biya mata, sannan ya nuna mata cewa haƙƙin Allah shi ya fi cancanta a biya. Nana A'isha (RA) ma ta ba da labarin cewa takan kai watan Sha'aban kafin ta rama azumin da ta sha, amma ba ta barin wani Ramadan ya riske ta da shi.

Don haka salla da azumi da zakka da suturta jiki haƙƙoƙi ne da ke wuyanmu, kuma babu mai hankalin da za ta yi wasa da su. Salla ce farkon abin da za a yi wa bawa hisabi a kai. Sai dai bashin Allah yana da wani sauƙi. Ba wanda ya isa ya biya ni'imar ido ɗaya da ibadarsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa da rahamar Allah ake shiga Aljanna. Wanda ya gaza ya tuba da gaskiya, Allah Mai gafara ne. Bashin mutane shi ne mai wuyar sha'ani. Imamu Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba uku a Riyadus Salihin: barin laifin, da nadama, da ƙudurta rashin komawa. Ya ce idan laifin ya shafi haƙƙin wani mutum akwai sharaɗi na huɗu, shi ne a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko a nemi ya yafe. Istigfari dubu ba ya goge kuɗin atamfar da kika ɗauka ba ki biya ba.

Addini a tsakar gidan haya

Mu ɗauki unguwa kamar Hanwa a Zariya, wadda take kan hanyar da ta tashi daga Sabon Gari ta nufi Samaru, dab da Kwangila. Sabon Gari ta kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarnin da ya wuce, ta tara baƙi daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Samaru kuma ta cika ta batse bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Hanwa da ke tsakaninsu ta kwashi jama'a daga ɓangarorin biyu: ma'aikata, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da masu sana'ar hannu. A irin wannan unguwa za ki tarar da gida ɗaya mai iyalai huɗu ko biyar, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. Da safe ko da yamma hanya takan cika da mata cikin hijabi suna tafiya Islamiyya, abin gwanin sha'awa, alhamdu lillahi. To amma ana dawowa gida, kuma a tsakar gida ne ake gwada abin da aka karanto.

Ki duba Suratul Ma'un, wadda yaranmu suke haddacewa tun suna ƙanana. Surar ta fara da tambaya game da wanda yake ƙaryata "din". Da mu aka tambaya, da mun ce ai wanda ba ya salla ne. Amma siffar farko da aka ba shi ita ce yana tunkuɗe maraya, ta biyu kuma ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini. Daga nan aka yi gargaɗi ga masu sallar da suke sakaci da ita, masu yi don a gani, masu hana "ma'un". Mene ne ma'un? Abu Dawuda ya rawaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) suna ɗaukar aron guga da tukunya a matsayin ma'un. Guga da tukunya, 'yar uwa! Kayanmu ne na mata. A yau sai mu ƙara da turmi da taɓarya, da rariya, da ɗan gishiri ko ashana, da bokitin ruwa ranar da famfo ya ɗauke, da barin maƙwabciya ta sa wayarta caji ranar da aka tayar da janareta a ɗakinki. Surar da ta fara da addini da tukunya ta ƙare.

Imamu Ahmad ya rawaito daga Abu Huraira (RA) cewa an ba Manzon Allah (SAW) labarin wata mata mai yawan salla da azumi da sadaka, amma tana cutar da maƙwabtanta da harshenta, sai ya ce 'yar wuta ce. Aka ba shi labarin wata da ba a san ta da yawan nafila ba, tana sadaka da 'yan gutsattsarin cuku, ba ta cutar da kowa, sai ya ce 'yar Aljanna ce. Da a unguwarmu matan nan biyu suke, wacce za mu kira mai addini? Kowace ta amsa wa kanta.

Haka hadisin da Muslim ya rawaito game da matsiyacin gaskiya: mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, ya doki wani. Za a riƙa ɗibar ladansa ana biyansu, idan ya ƙare a kwaso zunubansu a ɗora masa. Wannan hadisi lissafin bashi ne tsantsa. Gulmar da aka yi a bakin rijiya bashi ce. Habaicin da aka yi wa kishiya bashi ne. Ɗan mijin da aka rage wa tuwo, da 'yar riƙon da aka hana makaranta aka bar ta da wanke-wanke, duk suna bin bashi, kuma suna da ranar karɓa.

Adashi, atamfa da mudu

Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa, kamar yadda Buhari ya rawaito. Abin tsoro shi ne wasa da biya.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi, a sa lokacin biya, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko kaɗan ne ko mai yawa. Mu kuwa yaya muke yi? Dillaliya ta kawo atamfa ko leshi, a ɗauka a ce sai ƙarshen wata. Biki ya taso, a ɗauki anko bashi. Za a aurar da yarinya, a ɗauko kayan ɗaki da na kicin da alkawarin biya kaɗan-kaɗan. Ba rubutu, ba shaida, wani lokaci ma maigida bai sani ba. Idan aka ce a rubuta sai mace ta ji haushi ta ce, "Wato ba ki yarda da ni ba?" Alhali Wanda Ya ce a rubuta Ya fi mu sanin zukatanmu, Ya san mantuwa, Ya san mutuwa ba ta sallama.

Adashi ma haka ne. Wadda ta yi kwasar farko ta sani cewa duk zubin da ya rage bashi ne a wuyanta, ba alfarma take yi wa kowa ba idan ta kawo. Sau nawa zumunci ya lalace saboda wata ta kwasa ta daina zubi, ko uwar adashi ta juya kuɗin mutane a kasuwancinta ranar kwasa ta zo tana ba da haƙuri? Buhari da Muslim sun rawaito cewa jinkirin biya daga mai hali zalunci ne. Wadda take da kuɗin sabon anko amma ba ta da na tsohon bashi ta auna kanta da wannan hadisi.

Ki tuna kuma an taɓa kawo gawa don Manzon Allah (SAW) ya sallace ta, da ya ji ana bin mamacin bashi kuma bai bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su yi masa salla, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace shi. Muslim ya rawaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i ma sun sa biyan bashi kafin rabo.

Mai sana'a a cikin gida ita ma tana da nata. Mudun da aka buga wa gindi, man gyaɗan da aka gauraya, awarar jiya da aka ce ta yau ce, duk suna ƙarƙashin gargaɗin da Suratul Muɗaffifin ta yi wa masu tauye awo. Ladan 'yar aiki ko almajirin da yake yi miki ɗebo ruwa da shara ba kyauta ba ce da za ki ba shi ranar da kika ga dama. A hadisin da Buhari ya rawaito, Allah Ya ce Shi da kansa zai yi jayayya ranar alƙiyama da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama aiki ya hana shi ladansa.

Ita ma mai bin bashi akwai abin da ake binta. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu, kuma yafewa ta fi alheri. Aika yara su tsaya a ƙofar ɗakin mace suna kiran kuɗi a gaban kishiyarta, ko tona mata asiri a gidan biki, ba halin mai addini ba ne.

Maƙwabciyar da ba addininku ɗaya ba

A Hanwa da Samaru da Sabon Gari da wuya ki rasa maƙwabciya Kirista, ko abokiyar ciniki, ko malamar makarantar yaranki. A Wusasa ma akwai Hausawa Kiristoci tun da mishan ta koma can a 1929, kuma su ma da kalmar addini suke kiran abin da suke bi. Waɗanda suka manyanta a Zariya ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso garin, ko abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu na 2011. An yi asarar rayuka da dukiya da wuraren ibada, kuma mata da yara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Aƙidarmu a fili take, ba ma sayar da ita don a so mu. Amma addinin da muke bi shi ne ya ɗora mana haƙƙin maƙwabci ko ba Musulmi ba ne. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma kore mu daga gidajenmu ba. Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da mahaifiyarta da ta ziyarce ta tana mushirika, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. Abdullahi ɗan Amru (RA) kuwa, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya yi ita ce ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Idan kin ci bashin Maman Ngozi a kasuwar Sabon Gari, bashi ne cikakke, kuma ranar sakamako ba za a ce a bar shi don ba ta salla ba. Abin da yaranki suka ji kina faɗa game da ita a ɗaka, shi za su fita da shi titi ranar da hankula suka tashi.

Haka magabata suka koyar

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littafin Ahalari da ake fara karatun fiƙihu da shi a zaure da Islamiyya, kafin ya shiga tsarki da salla sai da ya lissafa haramcin ƙarya da giba da annamimanci da hassada da cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ta haɗa babin salla da azumi da na aure da ciniki da gado da ladubban cin abinci da sallama a littafi ɗaya. Arba'una Hadisi kuwa, hadisi na 2 shi ne na zuwan Mala'ika Jibrilu, inda aka bayyana Musulunci da imani da ihsani, aka kira su gaba ɗaya addini. A hadisi na 7 an fassara addini da nasiha, wato tsarkin zuciya da son alheri ga Allah da LittafinSa da ManzonSa da shugabannin Musulmi da sauran jama'arsu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda suna karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san hukuncin tsarki da salla da azumi da ciniki ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata ibada tare da kyawawan halaye. Matan da suke cika Islamiyyun Zariya a yau magadan wannan aiki ne, kuma gadon ya haɗa da ibada da mu'amala gaba ɗaya.

Idan an zo neman auren 'yarki

A nan ne gajeriyar fassara take jawo kuka mai tsawo. Tirmizi ya rawaito umarnin a aurar wa wanda aka yarda da addininsa da halinsa. Mu kuwa sau da yawa da an ce yaro yana sahun farko a masallaci shi ke nan bincike ya ƙare. Bayan wata shida yarinya ta dawo gida da ciki da takarda.

An rawaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya ce a'a, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba ke nan. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu ba iyaye maza da kawunnai idan za su fita bincike. A tabbatar yana salla, wannan dole ne. Sannan a je inda yake sana'a a tambaya ko yana cika alkawari, ko yana biyan bashi. A tambayi maƙwabtan gidansu yadda yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Idan ya taɓa aure, a binciki yadda suka rabu da ta farko, da ko yana ciyar da 'ya'yan da ta bari ko ta tafi da su. Wanda ya ci haƙƙin wata, ba abin da zai hana shi cin na 'yarki. Idan ɗanki ne zai yi aure, hadisin Buhari da Muslim ya ce a zaɓi ma'abuciyar addini, sai a duba sallarta da suturarta, a kuma duba harshenta da amanarta.

Abin da za mu fara da shi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro da ido yake koyon addini kafin ya koya da kunne. Idan kin tashe shi sallar asuba, da rana kuma mai bin bashi ta yi sallama kika ce ya je ya ce ba kya nan, kin koya masa darasi biyu masu karo da juna, kuma na biyun ya fi saurin zama. Idan an aike shi ya dawo da canjin da ya wuce ƙa'ida, ki sa shi ya mayar da ƙafarsa. Idan ya karya abin wasan ɗan maƙwabta, ki raka shi ya ba da haƙuri. Ki gaya masa dalili: Allah Yana gani, kuma akwai ranar biya.

Ke kuma uwargida, ki sayi ɗan littafin rubutu ki ajiye a inda kike ajiye Alƙur'aninki. Shafi ɗaya ki rubuta azumin da ake binki. Shafi na biyu ki rubuta duk wanda yake binki kuɗi, da adadin, da ranar da kuka yi alkawari, har da zubin adashi da ladan 'yar aiki. Shafi na uku waɗanda kike bi. Ki sanar da maigida ko babban ɗanki inda littafin yake. Akwai kuma bashin da ba ya rubutuwa da lamba, na wadda kika yi gulmarta ko kika ɓata wa rai. Wannan ki sa hijabinki ki taka zuwa ɗakinta tun kuna da rai ku biyu, domin a nan duniya kalmar "ki yafe mini" ta isa ta biya shi, a can kuwa sai da lada.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙinSa da na bayinSa, Ya biya wa iyayenmu da suka riga mu abin da ake binsu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da unguwanninmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.